Fitilar Malam Tana Yoyo

Asabar, 4 ga Mayu, 2024
Wata na uku cikin takaba. Daga ɗaki sai tsakar gida, iyakata ke nan. Yau na sauko da fitilar Malam daga kan sif, mai famfon nan ta tagulla da ya gada wurin babansa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran risho da fitilun mutane a Jakara, tasa kuwa kullum "sai na samu sarari". Na zuba kananzir, na buga famfo. Kafin in ankara tabarma ta jiƙe.

Talata, 7 ga Mayu
Hashim, ƙanin Malam, ya ji wari ya leƙo. Wai, "Matar Yaya, so kike ki ƙone mu? Ko ta daina yoyo zuwa ƙarshen wata, ko in haɗa ta da tarkacen rumfar Yaya in ba 'yan gwangwan su auna." Su auna! Kamar tsohuwar tukunya. Na ce masa to, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Laraba, 8 ga Mayu
Jakara ga ta nan kusa, har hayaniyar kasuwar Kurmi ina jiyowa. Da zan iya fita, abokan sana'arsa da kallo ɗaya za su gaya mini inda matsalar take.

Litinin, 13 ga Mayu
Inna, surukata, ta ce in liƙe da sabulu, haka suke yi wa garwa. Na shafe gindin kaf saboda kada ta ce na raina ta. A banza. Kuma 'yan gaisuwa suka same ni hannu baƙi ƙirin. Wata ta ce, "Sa'ida, mai takaba da carbi aka san ta." Carbin ma ina ja. Sauran yinin fa, in yi yaya da shi?

Alhamis, 16 ga Mayu
Na tuna yadda yake yi, irin na masu faci. Na juye man, na buga iska, na tsoma tankin a bahon wanki. Sai ga kumfa tana fitowa daga bakin murfi. Ashe tankin lafiyarsa ƙalau, zoben da ke cikin murfin ne ya bushe ya tsage. Na yi dariya ni kaɗai, sai kuma kuka.

Asabar, 18 ga Mayu
Na yanko sabon zobe daga tsohon silifa. Ya zauna daram.

Litinin, 20 ga Mayu
Kananzir ya cinye robar, ta kumbura ta zama kamar danƙo. Garin gwaji wuta ta tashi sama, saura kaɗan ta kama labule. Allah ya sa Hashim yana kasuwa. Na gaji da ɗakin nan, na gaji da bangon nan, na gaji.

Alhamis, 23 ga Mayu
'Yardada maƙwabciyata, mijinta baduku ne. Ta miƙo mini guntun fata ta kan katanga, ta ce, "Ya ce ki jiƙa ta a man gyaɗa ta kwana, kuma kada ki ɗaure da ƙarfi, ƙarfi ne ke tsaga ta." Ni kuwa tun farko da filaya nake murɗawa.

Juma'a, 31 ga Mayu
Bayan magariba Hashim ya shigo da buhu a hannu. Na tsoma ta a baho a gabansa, ba kumfa ko ɗaya. Na goge, na zuba mai, na ɗumama ta, na buga famfo. Ragar ta yi ja, sannan ta yi fari fat, tsakar gida kamar rana. Inna ta fito ta tsaya. Na karkata kai ina sauraren ƙarar fitilar, sai Hashim ya ce, "Haka Yaya yake karkata kai in yana saurarenta." Ya naɗe buhunsa ya fita.

Laraba, 5 ga Yuni
Ba ta yoyo. Na duba da safe, na sake dubawa da la'asar, ba abin da zan taɓa. Hannuna sai ƙaiƙayi yake. 'Yardada ta miƙo rishonta, wai yana hayaƙi. Na karɓa don kunya ne kawai.

Takaba ta kusa ƙarewa. Ban ce zan je ko'ina ba. Na dai tambayi Inna wa ke riƙe da mukullin rumfar.