Shafi Ɗaya Ya Rage a Fasfon Rabiou

Greensboro, Amurka, 15 ga Oktoba, 2007

Zuwa ga ƙanena Rabiou, a birnin Lviv na ƙasar Ukraine,

Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Kafin gaisuwa ta yi nisa, wajibi ne in sanar da kai, kai kuma ka sanar da sauran jikokin Malam Ɗantala, cewa tun ranar Asabar yayanka ya mallaki duniya. Na saye ta a ƙofar gidan wata tsohuwar Baturiya a unguwar Irving Park, inda masu hali ke baza tarkacensu a kan ciyawa su yi gwanjo. Ta roba ce, a kan sanda take juyawa, ta ɗan lotsa ta wajen Brazil. Don tsufa, har yanzu Tarayyar Sobiyet na nan da ranta a jikinta. Uwargida Ibtissam ta ce falonta ba ajin lakwal ba ne, don haka duniya tana kan firij.

Na sa tabarau na nemo Lviv inda kake kasuwarka, na nemo Lublin ta Poland inda matarka Fourera ke karatun haɗa magunguna. Da na ɗora yatsa, kan yatsa ɗaya ya rufe ku ku biyun. Ashe duk kukan nisa da kake yi bai kai faɗin farce ba.

Na ji albishir, Allah Ya sauke ta lafiya. Ka ce ƙarshen Janairu ake sa rai. Ka ce bizarka ta Poland za ta ƙare ƙarshen Nuwamba, shafi ɗaya tak ya rage a fasfonka, sabon fasfo kuwa sai an aika Yamai a jira watanni. Kana so ka sabunta tsohuwar bizar ta wata shida.

Kada ka kuskura. Tsohon malamin tarihi ne ke maka magana, ko da yake yanzu kwalaye nake jerawa a wani sito a Wendover. A watan Disamba Poland da wasu ƙasashe takwas za su shiga yarjejeniyar Schengen, a tumɓuke shingayen da ke tsakaninsu da sauran Turai. Tsohuwar biza Poland kaɗai take buɗe maka. Sabuwar kuwa, shafi ɗayan nan zai kai ka Lublin, ya kai ka har Lyon wurin yayarmu Assibi, wadda rabonka da ita shekara tara. Ka yi haƙurin mako uku. Wa ke sayen ɗaki ranar da za a raba gida kyauta?

Ka gaida Fourera in ka je. Allah Ya bar zumunci.

Yayanka,
Moutari

Lviv, 30 ga Oktoba, 2007

Yaya Moutari,

Wa alaikumus salam. Da fatan kuna lafiya, da Anti Ibtissam da yara. Allah Ya sanya alheri a duniyar da ka saya.

Yaya, na ji shawararka, amma raina bai kwanta ba. Direban kar, babbar motar fasinjan nan da ke kai mu Lublin duk bayan mako biyu, wani dattijo mai shekara talatin a hanyar nan, ya ce mini in je in sabunta yanzu-yanzu. Ya ce in an cire katanga a tsakiyar gida, tubalinta ake kwashewa a ƙara wa ta waje tsawo, mu kuwa a waje muke. Matan da ke fataucin sigari da tsiran alade a kan iyaka duk sun bi layi sun sabunta.

Akwai kuma maganar Bruxelles. Ka tuna bara da na je bikin abokina na wuce kwanakin bizata da mako biyar, aka tsare ni a filin jirgi aka ba ni wata takarda na sa hannu. Mutanen Poland ba su taɓa yi mini zancenta ba. Ban sani ba ko sabon tsarin zai tono ta.

Ni ba Lyon ce damuwata ba. So nake in kasance a wurin in ta haihu, in yi wa abin da aka samu huɗuba da bakina, kamar yadda Baba ya yi mana. Fourera ba ta da kowa a garin nan. In namiji ne, mun riga mun yanke, sunanka zai ci.

Amma kai ne babba, kai ka yi karatu. Abin da ka ce shi zan yi.

Ƙanenka,
Rabiou

Greensboro, 17 ga Nuwamba, 2007

Rabiou, sarkin 'yan tsoro,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na karanta fatawar Shehin Malami direban kar. Ka miƙa masa gaisuwata, ka ce ya riƙe sitiyari, mu za mu riƙe littafi.

Shekaranjiya Majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'a, ta amince da buɗe iyakokin da gagarumin rinjaye. Ban tsaya ga abin da rediyo ya taƙaita ba. Na je laburare na buga muhawarar da Faransanci, na karanta ta a lokacin hutun cin abinci, har abokan aikina suka zaci takardar kora aka ba ni. Dipite bayan dipite, kowane ɗan majalisa ya miƙe ya ce ranar tarihi ce. Da yawansu kuma sun ja kunne cewa kada a gina sabuwar katanga a gabas, maƙwabta irin su Ukraine 'yan'uwa ne, a sauƙaƙa musu shige da fice. Ka ga har tsoron direbanka sun riga shi faɗa, da nahawu mai kyau.

Na san me za ka ce. Mu ma Majalisar CEDEAO, ta yankinmu na yammacin nahiya, ta sha gaya mana hanya a buɗe take daga Dakar zuwa Diffa, amma tsakanin Maraɗi da Katsina sai ka gaisa da masu kaki har muryarka ta dushe. To bambancin ke nan. Mu muna rubuta doka mu manta da ita. Su Turawa ba sa manta abin da suka rubuta.

Maganar Bruxelles kuwa, kada ka ɗauki kanka da girma haka. Nahiya guda tana bikin haɗewa, wa zai tsaya neman wani Rabiou ɗan Damagaram da ya makara a wurin biki?

Jiya a shagon nama na High Point Road na yi wa jama'a wannan bayani. Wani ɗan Kano, Muzammil, ya ce, "Malam, kai da ka san ƙofofin Turai haka, yaushe za ka leƙa gida?" Aka yi dariya, har da ni. Shekara bakwai ke nan takarduna na hannun hukuma, in na fita ƙasar nan ba dawowa. Shi ya sa nake so ko ɗayanmu ya yi yawo. Ka je ka ga Assibi da idonka, ka rubuto mini ko ta yi furfura.

Ka riƙe shafinka. Na gode da takwara, na fara yi masa tanadin littattafai.

Yayanka,
Moutari

Lviv, 9 ga Janairu, 2008

Yaya,

Salamu alaikum. Mun yi layya lafiya, ina fatan ku ma haka.

Na jira kamar yadda ka ce. A talabijin ɗin kasuwa na ga bikin, manya suna yanka sandar shinge da zarto, ana ta kiɗa. Da aka buɗe ofishin biza na bi layi kwana uku cikin ƙanƙara kafin in kai taga. Jiya na koma karɓa.

Sun hana ni. Matar da ke tagar ba ta wulaƙanta ni ba. Ta juyo da allon na'urarta ta nuna mini sunana da ranar haihuwata, har da Zinder, wato Damagaram ɗinmu. Ta ce takardar da na sa wa hannu a Bruxelles haramcin shiga ne na shekara uku. Da can haramcin na ƙasashen Schengen ne kaɗai, bai zama dole a kan Poland ba. Yanzu gida ɗaya suke, wanda aka hana ƙofa ɗaya an hana shi duka.

Na ce mata matata na da cikin wata tara. Sai ta ce, "Me ya sa ba ka zo a Nuwamba ba? Waɗanda suka sabunta tsohuwar suna shiga Poland da ita har ta ƙare."

Na karɓi fasfona na fito, Yaya.

Shafin ma ya tafi, sun buga hatiminsu a kai. Na kira Fourera na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ta ce in kula da kaina. Ita ba ta iya zuwa, likita ya hana ta doguwar tafiya a mota, kuma ba ta da bizar Ukraine.

Direban ya gan ni a tasha, ya ba ni shayi.

Rabiou

Greensboro, 21 ga Janairu, 2008

Ƙanena,

Na kira lambarka sau shida da katin waya, ba ka ɗauka ba. Ban ga laifinka ba, shi ya sa na koma ga takarda.

Ban zauna ba. Na rubuta ƙorafi shafi huɗu zuwa Majalisar Turai, na kawo musu maganganunsu da bakinsu, da rana da lambar shafi. Rabona da rubuta Faransanci mai kyau haka tun ina koyarwa. Na'ura ta amsa mini cikin minti ɗaya, ta ce ta gode, za a duba cikin watanni. Na je wurin lauyan da ke riƙe da takarduna, ya ce shi dokar Amurka ya sani, ita ma ga inda ta bar ni. Na kira Assibi, ita ce mai ikon ratsa Turai ba mai tambayarta, sai ga shi an yi mata aiki a gwiwa, ko matakala ba ta iya sauka.

Na sake karanta muhawarar daga farko. Duk abin da na gaya maka yana ciki, ban ƙara ko kalma ba. Sun yi maganar maƙwabta sosai. Sai yanzu na lura duk a kan "ya kamata" suka tsaya. Abin da aka kaɗa wa ƙuri'a daban ne.

Ragon suna a kaina. Akwai gonar da muke zuwa yanka a bayan gari. Iyakar abin da hannuna ya kai ke nan.

Ka ɗauki waya, don Allah.

Moutari

Lublin, 8 ga Fabrairu, 2008

Zuwa ga Yaya Moutari, cikin girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku, ina gaida Anti Ibtissam da yara. Ni ce Fourera. Rabiou ya ce in rubuto muku, shi bai samu sukuni ba.

Na sauka lafiya ranar Talata, ashirin da tara ga Janairu, da hantsi. Namiji ne. Maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar garin nan, ita ta raka ni asibiti, ta riƙe hannuna har aka gama. Ba ma jin yaren juna sosai, amma ta yi mini abin da uwa ke yi.

Da aka miƙo mini shi na kira babansa. Ashe tun da na ce masa naƙuda ta fara ya shiga kar, ya zo har bakin iyaka ya sauka, wai ko ba komai ya rage nisa. Yana tsaye a gefen titi, manyan motoci na wucewa. Na kanga wayar a kunnen yaron na dama, ya yi kiran salla. Layi ya yanke a tsakiya, ya sake kira, ya faro daga farko. Sai da ya kira sau uku kafin ya kai ƙarshe. Ni ban ji lokacin da ya faɗi sunan ba, don wayar na kunnen yaron. Na dai ga ya buɗe ido.

Ranar suna ɗalibai Musulmi biyar suka zo ɗakina, wani ɗan Sudan ya yi addu'a. Mun ga hoton ragon da kuka yanka, da jama'ar da kuka tara. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Na ce wa yaron ya yi suna a ƙasa uku.

Sunansa Moutari. Na tambayi Rabiou ko yana so a sake, ya ce magana an riga an yi ta.

Ba zan kai masa shi ba sai yaron ya samu fasfo, shi ma daga Yamai zai fito. Sun ce wataƙila da damina. Goshinsa irin naku ne.

Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarku,
Fourera

Greensboro, 19 ga Fabrairu, 2008

Rabiou,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah Ya raya mana.

Na sauke duniyar daga kan firij na sake ɗora yatsa. Har yanzu yana rufe ku ku uku.

Direban ne ya yi gaskiya. Ni na yi kuskure, kai ka biya. Ka yafe mini in ka iya, ba sai ka amsa da wuri ba.

Yayanka,
Moutari