Inna, Ba a Hana Baƙi Zuwa Siwa Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan Allah ya haskaka makwancinki. Daga Alƙahira nake rubuto miki, daga ɗakin nan namu na Madinat Nasr, hawa na huɗu, inda kika zauna wata biyu da kika zo asibiti. Jiya na dawo daga Siwa. Akwai maganar da na ɓoye miki, kuma na zaɓi in faɗe ta a nan, inda Yaya Binta da sauran dangi za su karanta.

Kin tuna ranar da kika fara ambaton garin. Mun dawo daga wajen likitan gwiwa, kina hawa matakala kina hutawa, sai kika ce wata 'yar Damagaram da kuka zauna layi tare ta ba ki labari. Wai can ƙuryar sahara akwai gari tsakanin duwatsu da tabkuna, ruwan zafi na ɓuɓɓugowa daga ƙasa, masu ciwon gaɓoɓi kuma ana rufe su da yashi mai zafi har wuya su sami sauƙi. Akwai kuma hubbaren wani waliyyi da kike so ki yi wa sallama. Kika ce, "Malam ƙarami, kai ni mana. Ba zan wahalar da kai ba."

Na ce zan bincika. Wallahi Inna ban bincika komai ba. Bayan kwana biyu na ce miki gwamnati ta hana baƙi zuwa can. Kika shafa gwiwa, kika ce, "To, ba komai, ma'alish, kamar yadda mutanenku ke cewa." Har da 'yar dariya kika yi don kada in ji ba daɗi.

Ƙarya na yi miki. Ba wanda ya hana. Ni ne kullum nake ɗaga murya a ɗakin nan kan masu zuwa hubbare da maganin gargajiya, har abokan zamana suka laƙaba min Shehi. To sai kuma a ji Shehi ya ɗauki uwarsa an tona rami an sa ta ciki, daga nan sun wuce kabarin waliyyi? Ina zan kai fuskata? Dariyar samari huɗu na guda, Inna, ita kaɗai. Na maimaita wa Yaya Binta ƙaryar a waya, ita ma ta faɗa wa dangi, har yau cewa suke ai Habibu ya yi iya yinsa, hukuma ce ta ƙi.

Kika koma Malumfashi da ledar magunguna, ba ki cika wata biyar ba Allah ya karɓe ki. Ban ce ruwan Siwa zai ƙara miki kwana ba. Amma a duk zamanki nan abu ɗaya tak kika roƙe ni.

Sai ga shi da muka gama jarrabawa a makaranta, samarin nan, su ɗin da na ji kunyarsu, suka haɗa tafiya Siwa. Suka ce yalla Shehi, taso mu je, na bi su ko gardama babu. Sojojin hanya suka duba takardunmu suka miƙo mana, ba wanda ya tambaye mu me ya kawo baƙi.

Inna, garin yadda matar nan ta faɗa miki yake. Akwai tabkin gishirin da za ka kwanta a kansa ba ka nitse ba. Mun hau wani dutse mai cike da kaburburan mutanen da, muka hango dabino da zaitun iya ganinmu. A gindin wani dutsen na ga an rufe wani dattijo da yashi, an yi masa inuwa a ka, 'ya'yansa biyu na tsaye kansa, da aka fito da shi aka naɗe shi a bargo aka ba shi shayi mai zafi. Hubbaren kuwa ɗan farin ɗaki ne a jikin masallaci. Abokaina suka tsaya suka yi wa mamacin addu'a, ko kallona ba wanda ya yi. Ashe ni kaɗai nake kiɗana nake rawata.

A rana ta uku da hantsi muka je idon ruwan zafi. An kewaye shi da siminti, tururi na tashi. Ina ciki har ƙirji ina jin daɗina sai na ji Hausa a bayana. Wani ɗan kasuwa ne, ɗan Maraɗi mazaunin unguwar Faisal a Alƙahira, ya kawo mahaifiyarsa, tsohuwa sa'arki, gwiwoyinta a kumbure. Ya ce in kama masa don Allah. Na fito na riƙe hannunta ɗaya, shi ya riƙe ɗayan, muka zaunar da ita a baki, ta zura ƙafafunta a ruwan. Ta lumshe ido ta daɗe tana hamdala. Ba ta fi buhun gero nauyi ba, Inna. Ke ma haka.

Sannan ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Uwar da ta haife ka ta yi dace."

Na ce amin. Da bakin nan nawa na ce amin, na karɓi albarkar da ba tawa ba, na koma cikin ruwa na dulmiya kaina don kada ta ga idona.

Ki yafe min, Innata. Na san da kina raye da kin ce ba komai tun ban rufe baki ba, kuma wannan ne ya fi ci min rai.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya shayar da ke daga tafkin Alkausar, ya ba ki ƙafafun da ba sa ciwo. Ni kuma ya shirye ni.

Ɗanki da ya gaza,
Habibu