Jakar Mikami

Litinin, 4 ga Disamba

Shekara uku da rabi ke nan rabona da tsibirinmu Lombok. Na bar 'yata Dinda tana tatata, jiya ta karanta min sunana a waya.

Sau uku na zauna jarrabawar nas ta ƙasar nan, sau uku na faɗi. Ta Fabrairu ita ce ta ƙarshe. In na ci, lasisi ya samu, sai in ɗauko matata Marni da yarinyar. In na faɗi, takardar zama ta ƙare, sai jirgi.

Shekara tara ina nas a asibitin ƙwaƙwalwa a gida, har yara nake koya wa allura. A nan Aomori wanka nake yi wa tsofaffi, ina canza musu kunzugu. Ko ƙwayar ciwon kai ba ni da ikon miƙa wa mutum. Ban ce an zalunce ni ba. Doka ce, kuma idona biyu na sa hannu. Amma tana ci min rai.

Alhamis, 14 ga Disamba

Asibiti ya ba ni awa biyu na karatu kullum bayan abincin rana. Tsushima-san, shugabar sashenmu, ita ta je ofis ta yi faɗa har aka ba ni. In zan faɗi sharrinta, to in faɗi wannan ma.

Yau ta yi min tambayar gwaji: marar lafiya ya ce danginsa sun yar da shi, me nas zai ce? Na zaɓi "kwantar da hankalinka, za su zo." Kuskure. Littafi ya ce kada ka rarrashi mutum da abin da ba ka da tabbas a kai. Ka saurare shi, shi ke nan.

"Wirya-san, shekara tara kana aikin nan ka zaɓi wannan? A garinku da addu'a kuke sallamar marasa lafiya?"

"Da addu'a da allura, Tsushima-san."

Ba ta yi dariya ba. Ina jin ba a koya mata ba.

Juma'a, 29 ga Disamba

Yau aka fara zuwa ɗaukar waɗanda za su yi sabuwar shekara a gida. Mutum shida aka ɗauka a sashenmu.

Mikami-san ya haɗa jakarsa. Tsoho ne, ɗan masu gonar tuffa, shekara talatin da wani abu yana nan ciki. Ciwon ƙwaƙwalwarsa ya lafa tun kafin in iya tafiya da ƙafata, wurin zuwa ne babu. Duk ƙarshen shekara sai ya sa jar rigar sanyinsa, ya ɗora baƙar jakar fata a cinya, ya zauna benci a bakin ƙofa yana jiran ƙaninsa. In rana ta faɗi sai wata nas ta durƙusa ta ce, "Mikami-san, dusar ƙanƙara ta rufe hanyar garinku. Sai gobe." Ya ce, "Haka ne, bana ta yi yawa." Kwana uku ana haka, sai ya mayar da jakar ƙarƙashin gado sai baɗi.

Tun kafin Tsushima-san ta zo ake yi masa wannan. Kowace sabuwar nas ana koya mata, kamar yadda ake koya mata inda makulli yake.

Ni kuwa an kayar da ni a kan irin amsar nan. Su da lasisinsu.

Lahadi, 31 ga Disamba

Na kai masa taliyar ƙarshen shekara a bencinsa. Ya dube ni ya ce, "Kai, ɗan rana." Haka yake kirana, wai na fito daga ƙasar da ba a san sanyi ba. "A motar ƙarfe bakwai ka zo yau?"

Na ce e.

"Ta garinmu take biyowa. Kai baƙo ne, ba ka gama koyon ladabinmu ba tukuna. Hanya a rufe take?"

Da na ce ban lura ba, da an wuce wurin.

Na ce, "A buɗe take, Mikami-san. An share ta tas."

Ya gyaɗa kai. Ya ce na gode, ya sunkuya min kamar wani likita. Ya ɗauki jakarsa ya koma ɗaki. Bai taɓa taliyar ba.

Ban sani ba ko don shi na faɗa, ko don haushin littafin.

Laraba, 3 ga Janairu

Kwana uku bai ci ba. Ruwa kawai.

Tsushima-san ta kira ni ɗakin magani ta tura ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, mutanen nan ba sa ɗagawa, da ma ta ɗaga.

"Ka zaci ba mu karanta littafin ba? Ni na koya maka shi. Ƙanin nan ya sayar da gonar ya koma birnin Sendai tun da daɗewa, ya ce kada a ƙara kiransa. Abin da muka bar wa tsohon nan ke nan, kwana uku a shekara. Kai ka karɓe a minti ɗaya."

Na ce shi ya tambaye ni.

"To tsuntsun da ya ja ruwa. Daga yau kai za ka zauna da shi lokacin abincin rana har ya ci. In ya kai Litinin, likita zai sa masa robar abinci ta hanci."

"Awowin karatuna fa?"

"Su ne za ka zauna da shi."

Saura sati biyar da 'yan kwanaki. Na rasa wanda zan tsine wa. Ba ta yi ƙarya ba.

Asabar, 6 ga Janairu

Awa biyu ina riƙe da cokali, shi yana kallon bango. Marni ta tambaya yaya karatu, na ce lafiya lau. Ashe ni ma na iya cewa hanya a rufe take.

Lahadi, 7 ga Janairu

Na shiga da littafina, na ce in ba zai ci ba ni in karanta. Ina karantawa a fili ina tuntuɓe a haruffa, sai na ji daga bango:

"Ba haka ake karanta shi ba, jaki."

Ya miƙo hannu ya karɓe littafin. "Shekara nawa kana cin shinkafarmu ba ka iya wannan ba?"

Na ce, "Kai da ka iya karatu ka kasa cin shinkafar."

Ya harare ni. Muka yi ciniki: in na ci tambaya, ya ci cokali ɗaya na fate. Na ci huɗu cikin goma. "Da yunwa za ka kashe ni, ɗan rana."

Alhamis, 18 ga Janairu

Ba a sa robar ba. Yanzu yana cinye kwano, amma ya ƙi sakin littafin. Matsalar ita ce tambayoyin ƙwaƙwalwa kaɗai yake so, yana nuna sunan magani yana cewa "wannan na sha shi shekara takwas, yana sa yawu." Na ce ya buɗe babin haihuwa da na yara, can nake faɗuwa. Ya ce shi bai taɓa haihuwa ba, me ya haɗa shi?

Ya faɗa min yau, ba tare da ya dube ni ba: "Na daɗe da sanin hanya a buɗe take. Tagar banɗaki tana kallon titi. Amma yaran nan suna durƙusawa su faɗa min da ladabi, ina zan kunyata su?"

To me ya hana shi cin abinci? Ya ce sani daban, a faɗa maka daban.

Wannan babu shi a littafin.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

An yi jarrabawar. Babin ƙwaƙwalwa kamar ni na rubuta tambayoyin. Na haihuwa da na dokokin inshora, Allah kaɗai.

Tsushima-san ta sa min ƙullin shinkafa biyu a jaka, ta rubuta a kai "babu alade."

Juma'a, 22 ga Maris

Lambata ba ta fito ba. Da maki uku na faɗi.

Na lissafa awowin Janairu, na sake lissafawa. Wataƙila su ne maki ukun. Wataƙila kuma ko an ba ni shekara ba zan iya babin inshora ba. Tsushima-san ta sunkuya min a gaban kowa ta ce laifinta ne. Na ce ba nata ba ne. Dukanmu biyu rabin gaskiya muka faɗa.

Marni ta ce a waya, "Dinda tana tambaya ko kana cin barkono har yanzu."

Talata, 14 ga Mayu

Gobe jirgi. Gonakin tuffa sun yi fari fat da fure, sai da zan tafi.

Na je sallama. Mikami-san ya jawo baƙar jakar daga ƙarƙashin gado, ya zazzage ta a kan katifa: safa, reza, rigar barci. Ya jera su a durowa, yana yi a hankali. Sannan ya tura min jakar da ƙafa.

"Ungo. Shekara talatin tana shiri, ba ta taɓa zuwa gida ba. Kai ta."

Na ce ba gidansu zan je ba.

"Gida gida ne, jaki. Kuma ka gaya wa waccan matar, bana kada kowa ya durƙusa min."

Na gaya wa Tsushima-san. Ta juya tana gyara kwalaben da ba su karkace ba.

Tsohon asibitina sun ce in zo a Yuli. Ban yi murna ba. Na dai tambaye su ko akwai waɗanda suka daɗe ba a zo dubiya ba, aka ce da yawa. Tambaya ce kawai.

Abin da na tara a shekara huɗu ba wata ɗaya: yen dubu ɗari bakwai da ashirin. Littattafai shida da ba mai iya karantawa a Lombok. Rigar sanyi biyu da ba za su yi amfani ba. Jakar fata ɗaya, zip ɗinta ya lalace, na ɗaure ta da igiya. Takalman Dinda ne a ciki.