Ni Ina Ɗaurawa, Yaya Yana Kwancewa

Assalamu alaikum Malama. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin kaina ya ƙulle. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, kuma ban iya tsara magana ba, sai ki yi haƙuri idan na yi ta kwana-kwana.

Ni tela ne, na haura shekara hamsin. Ina da yaya ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, bakaniken babura ne tun yana saurayi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon ɗinki da ya ga hannuna ba na ƙarfe ba ne. Har yau Allura yake kirana, wai ko noti aka ba ni sai na nemi inda zan zura zare.

Babanmu ma'aikacin gidan waya ne, yana da wani tsohon babur mai nauyi da yake rabon wasiƙu da shi, irin wanda tun daga bakin layi ake jin tahowarsa. Bayan ya rasu ruwa da tsatsa suka cinye jikin babur ɗin, injin kawai Yaya ya ciro. Ya shafe shi da baƙin mai, ya naɗe a buhu, ya tura ƙarƙashin gado. Duk gidan da ya koma da shi yake komawa. Matarsa takan ce ta zo gidan ta tarar da injin, don haka ba ta jayayya da wanda ya riga ta.

Da Yaya ya bar gareji saboda ciwon baya, sai ya samo jikin wani babur na zamani wanda injinsa ya mutu, ya ce a ciki zai dasa injin Baba. Ya share ɗan ɗakin ajiya da ke bayan kicin, ya kafa benci, ya jera sifanoninsa a bango bisa girma. Ni kuma duk yamma idan na rufe shago sai in biya. Aikina riƙe fitila da miƙo abin da aka ce in miƙo, sau da yawa ma ba shi nake miƙowa ba.

Malama, aikin nan ba ƙarami ba ne. Tsohon injin ya fi wurin faɗi, sai da aka yanke ƙarfen ƙasa, mai walda ya ƙera masa sabon mazauni. Aka zo ɗora sarƙa, aka ga ba ta miƙe da tayar baya ba, ta karkace da kamar faɗin yatsa, wannan kaɗai ya ci mana damina guda. Giyar tsohon inji a dama take, birki a hagu, na zamani kuwa akasin haka. Wutarsa ma ba ta jitu da wayoyin sabon ba. Amma Yaya bai taɓa gajiya ba. Yana aiki yana yi wa injin magana kamar yana lallashin dattijo mai taurin kai. Ni ma na samu nawa rabon, don ni na ɗinka kujerar da fata, kuma ya duba ɗinkin ya ce ashe Allura yana da rana.

Sau ɗaya tak injin ya tashi. Yaya ya yi ta buga kik har gumi ya jiƙe masa riga, sai injin ya yi tari, ya yi wata ƙara mai kauri, ɗakin ya cika da hayaƙi, sannan ya mutu. Ko minti bai yi ba. Amma muryar babur ɗin Baba ce sak. Na juya na ga Yaya ya zauna a kan bokiti yana share ido da bayan hannu. Ya ce kafireto ne kawai ya rage, da an gyara shi za mu fita.

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa. Da farko mun ɗauka tsufa ne. Sai a tsinci sifana a cikin firiji, ko ya tsaya a tsakar gida ya manta abin da ya fito yi. Wata rana ya je sayen filogi a shagon da ya shekara talatin yana zuwa, ya kasa gane hanyar gida, wani maƙwabci ya dawo da shi. Muka kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, akwai maganin da zai ɗan rage masa gudu, amma babu na warkewa.

To ga inda matsalar take. Yanzu Yaya ya yarda cewa Baba yana raye, ya kawo masa babur gyara ne, kuma yana nan tafe ya karɓa. Saboda haka kullum da safe sai ya shiga ɗakin ya hau neman abin da ya lalace. Duk abin da na ɗaure jiya da yamma, kafin in zo yau ya kwance shi. Ya jera notuna a kan tsumma tsaf, ba ya ɓatar da ko ɗaya, hannunsa bai manta komai ba. Amma mayarwa ce ta gagare shi. Sai in tarar da shi ya riƙe wani ƙarfe yana jujjuyawa, ya ɗago ya ce min, "Allura, Baba zai zo, ban gama ba." Na taɓa gaya masa gaskiya cewa Baba ya daɗe da rasuwa. Ya yi kuka kamar a ranar aka yi rasuwar. Washegari ya sake tambayata ko Baba ya leƙo.

Na yi ƙoƙarin ƙarasa aikin ni kaɗai. Na riƙa ɗaukar hoto da waya don in san inda kowane abu yake. Na kawo bakanike daga waje, ya duba ya ce shi a kan injunan yanzu ya koyi aiki, ba zai taɓa abin da idan ya karye ba a samun irinsa ba. Wanda ya san injin nan mutum ɗaya ne, kuma yana zaune kusa da ni yana kuɓuce min a hankali.

Kwanakin baya sai ga abin da muke tsoro. Ya zuba fetur a roba zai wanke kafireto, ya ɗauka ya shiga kicin neman haske, matarsa kuwa ta ɗora tukunya ta fita shanya. Wuta ta kama. Allah ya taƙaita, labule ne ya ƙone, sai hannunsa na dama da ya sale har gwiwa. Ita ta kashe wutar da jiƙaƙƙen bargo. Tun ranar ta ce ko babur ya bar gidan ko ita ta bar shi, kuma ban ga laifinta ba. Ita ke masa wanka, ita ke bin sa a baya duk inda ya sa ƙafa, ta rame har wuyanta ya fito. Ta sa kwaɗo ta kulle ɗakin. Yaya ya ɗauko kujera ya zauna a bakin ƙofar, ya daina cin abinci, ya daina magana. Da muka ga zai mutu a zaune, ita da kanta ta buɗe tana hawaye.

Babban ɗansa, wanda ke aiki a wani gari, ya samo wani mai tara tsofaffin injuna da ke son saye. Injin kaɗai yake so. Yaron ya ce min, cikin ladabi, wai Baffa kai kake riƙe da babur ɗin nan, ba mahaifina ba. Shagona ya kusa mutuwa, masu kawo ɗinki sun gaji da alkawarina, matata ta daina tambayata ƙarfe nawa zan dawo. Ni dai burina guda ne, in ga babur ɗin ya tashi, in goya Yaya a baya mu zaga layi sau ɗaya, kamar yadda yake goya ni ina yaro, tun yana iya gane ni. Ga wani abu kuma da ban gaya wa kowa ba: duk ranar da na manta inda na ajiye almakashi sai gabana ya faɗi, in ce ni ma tawa ta fara.

Shin in yarda a sayar? Ko in ɗauke babur ɗin in kai wani wuri a ƙarasa a ɓoye? Ko in ci gaba da ɗaurawa yana kwancewa har ɗayanmu ya faɗi? Duk ta inda na duba ban ga mafita ba.

Naki,
Ƙanin Bakanike

AMSA

Wa alaikumus salam, Ƙanin Bakanike. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba, don ba shi ka zo nema ba. Bisa abin da likita ya gaya muku, yayanka ba zai dawo yadda ka san shi ba. Babur ɗin ma da wuya ya hau titi, tunda mai iya ƙarasa shi ba zai iya ba yanzu. Ina ganin ka san haka, kana dai neman wanda zai faɗa maka ne. To na faɗa, kuma ina taya ka jin zafinsa.

Kowa a gidan nan yana da gaskiyarsa. Matar yayanka ta kashe wuta da hannunta, tsoronta ba raki ba ne. Ɗansa ba kwaɗayi yake ba, uwarsa yake dubawa, kuma abin da ya faɗa maka akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Kai ma kana da taka: a gaban injin nan ne kaɗai Yaya yake komawa mutumin da ya san abin da yake yi, kun kuma ga abin da ya faru da aka raba su. Saboda haka ban goyi bayan a sayar yanzu ba, ban kuma goyi bayan a ci gaba yadda ake ba.

Fara da abin da zai iya kashe mutum. Yau ɗin nan ka kwashe fetur daga gidan kaf, ka cire tanki da batir, ka ɗauke duk wani abin yanka ko na wuta. Kicin ya kamata a sa wa kwaɗo. Jikin babur ɗin da tayoyinsa ka kai wa mai walda ya ajiye, don kada wata rana Yaya ya tura shi waje. Ka bar masa injin a bushe a kan benci, da sifanoninsa da tsummansa. Mai saye kuwa a ce masa ya dakata. Wanda ke tara tsofaffin kaya ya iya jira. Amma kada ka yanke wannan kai kaɗai. Ka zauna da matar Yaya da ɗansa, ka fara da ba ta haƙuri, ka ji ko za ta iya zama da hakan. Idan ta ce ba za ta iya ba, maganarta ce a gaba, don ita ke kwana da tashi a gidan.

Sannan ka daina tsere da shi. Ka ɗaure abin da ka iya, ba don a gama ba, don ya samu abin kwancewa gobe. Wannan shi ne aikinku yanzu, kuma aiki ne na gaske. Ranakun da ka ga kansa a wartsake, ka tambaye shi yadda ake saita wannan da wancan, ka naɗi muryarsa a waya. Wata rana za ka so jin ta, ko da ba ka fahimci ko kalma ɗaya ta kanikanci ba. Idan ya ce Baba zai zo, ba sai ka sake yi masa sabuwar rasuwa ba. Ka ce masa Baba ya san aikinsa ba ya gaggawa, ka ja shi da hirar Baban. Ka tambayi likitansa a kan wannan, sun saba da irinsa.

Batun goyo a babur, ka haƙura da shi. Mai irin wannan ciwo zai iya sakin hannu ko ya yi yunƙurin sauka ana cikin tafiya. Na san wannan ne ya fi maka ciwo a duk abin da na rubuta.

Ka koma shagonka. Ka ware ranakun zuwa gidan Yaya, kuma idan ka je ka sallami matarsa ta yi barci ko ta je ganin 'yan'uwanta. Ka tafi da ɗinkin hannu, kana naka yana nasa. Ka gaya wa matarka duk abin da ka gaya min, har da tsoron nan naka. Mai gajiya da damuwa yakan manta almakashi, amma idan abin ya ci gaba da cin ranka, je ka likita ya duba ka, ya fi zaman zullumi.

Gaba za ta fi yanzu wuya, kuma ba ni da dabarar hana ta zuwa. Abin da ke hannunka shi ne kada yayanka ya ƙone, kada matarsa ta faɗi, kada gidanka ya watse. Idan ka samu waɗannan, ka yi abin da ƙani zai iya.

Allah ya sassauta wa Yaya, ya jiƙan mahaifinku, ya ba ka ƙarfin zuciya. Ka gaishe min da matar yayanka, ka ce mata akwai wadda ba ta taɓa ganinta ba amma ta san ta gaji.