Lambar Sirrin da Kuke Aika wa Marigayi

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke riƙe mana adireshinmu na intanet,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ce Saudatu, 'yar marigayi Alhaji Isufu na unguwar Zariya, Maradi, mai sayar da kayan gyaran injin ban-ruwa. Ni nake rubuta wa shagonmu wasiƙun imel tun Baba yana raye. Na gaji da zarya tsakanin shagonmu da ofishinku, shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Tun bayan sallar layya wasiƙu ke shigo mana, namu kuwa ba sa isa. Ma'aikacinku ya ce matsalar rezo ce, wato layin sadarwa. Na sauya kalmar sirri, na goge akwatin imel ɗin na sake ɗorawa, har Tsibiri na je gidan yayana na gwada da nasu rezon. Duk wadda na aika sai ta dawo da wani dogon bayani, wanda ma'aikacinku bai ko kalla ba.

Na biyu. Maƙwabciyata malamar ordinate ce, wato kwamfuta, a makarantar lise, ita ta karanta min bayanin. Ashe sunan da ke bayan adireshinmu, wanda kuke kira domen, yana da rajistar da ke faɗa wa duniya na'urar da ke karɓa mana saƙo da wadda aka yarda ta aika da sunanmu. Kun ƙaura zuwa sabuwar na'ura, kun gyara wajen karɓa, kun bar wajen aikawa da sunan tsohuwar. Saboda haka duk inda wasiƙarmu ta je kallon ɗan aiken da ba a sani ba ake yi mata, a kore ta daga ƙofa.

Na uku. Da na kawo muku wannan bayani, sai aka ce gyaran kaɗan ne, amma sai mai domen ya ba da izini da lambar sirrin da za a tura wa wayarsa. Mai domen Baba ne. Baba ya rasu a farkon damina, an rufe layinsa. Na kai takardar rasuwa daga ma'aikatar magajin gari, na kai takardar magada, aka karɓa aka yi min ta'aziyya, aka kuma sake tura lambar a layin nan dai. Ranar da kuka taɓa wajen karɓa, izinin wa kuka nema?

Na huɗu. Akwai dattijon da ke aiko wa Baba kaya daga Indiya shekara da shekaru. Ba ya karɓar oda sai daga adireshin shagon, don 'yan damfara sun taɓa cinsa da sunan wani. Ya rubuto ta'aziyya, na amsa. Ya tambayi odar rani, na amsa. Na bi shi ta wani adireshi, bai kula ba, kuma ban ga laifinsa ba. A wajensa mun yi shiru, shiru kuwa ma magana ce. Wasiƙarsa ta ƙarshe ta ce in 'ya'yan Alhaji ba su da ra'ayi, zai ba wani ɗan kasuwa wakilcin. Manoman Jiratawa kuma sun fara leƙo shago suna tambayar kayan injinansu. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne bawan Allah nan yana zaton ko ta'aziyyar ubanmu mun ƙi amsawa.

Buƙatata biyu ce. Ku gyara kuskurenku a rajistar nan a makon nan. Sannan ku mayar da domen hannun magada, ku kuma tanadi hanyar yin haka ga wasu, don Baba ba shi ne mai domen na ƙarshe da zai mutu a Maradi ba.

Allah Ya ƙara wa kamfaninku albarka, Ya ba ka ikon yin adalci. In kuma har yanzu sai Baba ya amsa, to ka zo da kanka, yayana zai raka ka inda yake kwance.

Wassalam.

Saudatu Alhaji Isufu
Zariya, Maradi