Ƙafar Bidi

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙugun naka yana haɗewa. Tunda waya ba ta shiga ɗakin da suka kwantar da ku, ga takarda ta hannun direban asibiti. Yaran suna gaishe ka, babbar ta ce in tambaya ko ma'aikatan jinya sun saba da bakinka.

Maganar dokinka Bidi ce. Yau wata biyu da ya faɗi da kai. Zazzaɓinsa ya sauka, an gama allurai, amma ƙafar baya ta hagu har yanzu kamar turmi. Likitar dabbobi ta ce wani ɗan yanka ne a saman kofato ya ba ƙwayoyin cuta hanya, suka toshe hanyoyin da ruwan jiki ke bi. Ta ce yanzu tsayuwa ce abokiyar gabarsa, maganinsa motsi. Mako uku ke nan ina jan sa da ragama kowace safiya kafin in buɗe shago, ina auna ƙafar da tef ɗina na ɗinki. Lafiyayyar inci tara ce, mai ciwon sha uku.

Jiya likitar ta ce ja da hannu ya gama aikinsa, sai a hau shi, tafiya kawai, minti goma a fili mai laushi. Mahayan bargar duk sun noƙe, sun ce dokin da ya danne wanda ya hore shi ba ya da amana. Mai barga kuma ya faɗa mini a gabansu cewa ƙarshen wata zai tsaya a bakin fili. In ya ga Bidi da mutum a bayansa, zai bar shi a barga. In bai gani ba, motar masu yanka za ta zo.

Yaya, rabona da sirdi tun ina 'yar shekara sha biyu. Ni tela ce. Amma na duba ko'ina, ni kaɗai na rage, kuma tsoro nake ji.

Allah ya ƙara sauƙi.
Autarku

*

Auta,

Na amsa gaisuwa, ki shafa mini kan yaran. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yin sa, takarda a kan faranti.

Ke da kike hawa bayana a kan tsohuwar goɗiyar Baba kina ihun in ƙara gudu, yau ke ce mai tsoro? Jiki ba ya mantuwa. Ki fara taɓa ƙafar da bayan hannu. In da zafi, ko ya ƙi taka ta, kada ki hau, ki kira likita. In da sanyi, ki ɗaura sirdina, ki ja majayi, ɗamarar sirdin, a hankali sau biyu don yana kumbura ciki da gangan, munafukin. Tsohon linzamin nan mai laushi za ki sa masa. Kada ki matse shi da ƙafa, magana kawai yake so.

Ki auna kafin ki hau, ki auna bayan kin sauka, ki aiko mini duka. Shekara sha ɗaya muna tare da dokin nan. Kada ki bari a sa shi a motar.

Na bar ki lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Komai yana tafiya daidai. Ina hawa kullum kamar yadda ka ce, bai ba ni matsala ba.

Litinin sha uku kafin, sha uku bayan. Talata haka. Laraba sha uku da rabi kafin, sha uku da rabi bayan. Alhamis haka.

Keken ɗinkina ya fara tsallake zare, na kai gyara. Ƙaramar ta fitar da haƙori. Aiki ya yi mini yawa, shi ya sa ban tsawaita ba.

Ka huta lafiya.
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki, amma raina ba daɗi. Ba ki hau shi ba.

Ƙafa irin wannan, in doki ya yi tafiyar minti goma da nauyi a bayansa, sai ta sauka, ko da rabin inci ne. Da safe ta koma, a sake saukar da ita, haka ake yi har ta daidaita. Ke kin aiko mini lambar da ba ta motsa ba, ranar Laraba ma ta hau. Kin iya ƙarya da baki tun kina ƙarama, amma hannunki na tela ya kasa rubuta awon da bai auna ba. Ko jan da kike yi masa ma kin daina.

Ban yi fushi ba, don na san abin da kike gani in kin rufe ido. Ni ne a ƙarƙashinsa. Saboda haka dole in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba.

Ranar da muka faɗi, na taɓa ƙafar da safe na ji ta da zafi. Na ga ya bar rabin abincinsa. Baƙi ne za su zo kallon dawaki, mai barga ya yi ta yabona a gabansu tun mako guda, ni kuma na ji kunyar in ce dokina ba shi da lafiya. Na ce wa raina tsamin jiki ne. Na hau, na sa shi sukuwa da zazzaɓi a jikinsa. A lanƙwasa ta biyu ta filin ƙafar ta ƙi ɗaukar sa. Bai yar da ni ba, Auta. Ina jin sa yana ta ƙoƙarin tsayawa har muka kai ƙasa.

Wata biyu ina kwance ina jin ana cewa doki ya ci amanata, na yi shiru. Ina tsoron in mutane suka sani ba wanda zai sake ba ni linzami, in ma na tashi. Likitocin nan ba su ce zan tashi ba tukuna, kallon juna suke yi in na tambaya.

Ba zan ce miki ba zai faɗi ba. Abin da na sani, in ƙafar da sanyi, ba irin ranar ba ce.

Ki yafe mini.
Yayanki

*

Yaya,

Na gaishe ka don kai babba ne, amma da kana kusa da ka ji abin da ba ka taɓa ji daga bakina ba.

E, ban hau ba. Kowace safiya ina ɗaura sirdi, in ja majayi sau biyu, in sa ƙafa a likkafa, sai in sauke ta ban hau ba. Ina tsaye a gefensa ina zufa har lokacin buɗe shago ya yi, in kwance kayan in tafi. Shi kuma yana waigowa yana shinshinar aljihuna. Ni na fara isowa gare ka ranar nan, ka manta? Na ga yadda ƙafafunka suka kwanta kamar ba naka ba. Yaran nan biyu ba su da uba. In na kwanta a gadon da ke kusa da naka, wa zai riƙe su?

Yanzu ga abin da na yi, in za ka yi fushi ka yi. Na kai takardarka barga, na karanta ta a gaban mai barga da mahayansa, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Na ɗauka wani zai ji kunya ya karɓi linzamin. Babban cikinsu ya sunkuyar da kai, ya ce yana da iyali. Kamar ni bishiya ce ta haife ni. Mai barga kuwa ya ce, “Laifin yayanki tsakanina da shi ne. Ranar da na sa ba ta canja ba.”

Na zubar maka da mutunci a banza ke nan, kuma yau ƙafar ta kai sha huɗu saboda ni. Likita ta zo ta taɓa, ta ce babu zafi. Ta yi alkawarin gobe za ta riƙe mini kansa a zagayen farko. Saura kwana tara.

Na kai yaran gidan Inna, na ce mata aiki ne ya yi yawa. Na nuna wa babbar inda makullin shago yake. Ka yi mini addu'a.

Autarku

*

Yaya,

Gaisuwa. Motar ba ta zo ba.

Kwana tara na hau, kwana tara ina amai kafin in hau. Yau mai barga ya tsaya a bakin fili, hannu a baya. A zagaye na uku Bidi ya yi tuntuɓe da ƙafar, ya dulmiya ta hagu, na ga ƙasa ta taso mini. Na rungume wuyansa ina kiran sunanka. Ya tattaro kansa ya miƙe, ya ci gaba da tafiya.

Mai barga ya zo ya shafa ƙafar tun daga gwiwa har kofato. Bai kalle ni ba ya ce, “Gobe ki ƙara masa minti biyar.”

Na tambaye shi kai fa. Ya ce ka fara tashi tukuna.

Don haka ka tashi, Yaya. Zan riƙe maka shi, amma wallahi tsoron bai ragu ba ko kaɗan, kuma gobe da safe zan sake hawa.

Allah ya ba ka lafiya.
Auta