Ƙofar Drenkol da Arba'in ɗin Inna Zorka

Rangel Jotev,
Maƙeri, Drenkol ta Gangare.
14 ga Oktoba, 2018.

Zuwa ga Mai Girma Jakada Lyuben Shterev,
Shugaban Kwamitin Zumuncin Ƙauyukan Kan Iyaka.

Game da: Buɗe ƙofar iyaka a ranar da ba tata ba, da roƙon a buɗe ta ranar 11 ga Nuwamba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban-girma, ni ne mai suna a sama, shekaruna hamsin da shida. Ban wuce aji takwas ba, sauran abin da na sani ni na koya wa kaina, don haka a yi mini afuwa idan maganata ta fito babu ado. Ina rubutu ne a madadin mahaifiyata, Lozana Joteva, mai shekara tamanin da uku, wadda idonta ya yi rauni.

Mai Girma ya sani cewa Drenkol ƙauye ɗaya ne da aka raba biyu tun zamanin kakanninmu. Gangare yana ƙasarmu. Tudu, tare da coci da maƙabarta, yana tsallake. Tsakaninmu shingen waya ne da 'yar ƙofa, wadda tsohuwa za ta iya kaiwa da sandarta. Babbar mashigar iyaka kuwa tana bayan dutse, tafiyar yini guda a mota, likita kuma ya hana mahaifiyata irin wannan tafiya saboda zuciyarta. Ga ƙorafina:

1. Shekara da shekaru ana buɗe ƙofar nan sau ɗaya a shekara, ranar bikin Annabi Iliya. Ba doka ce take buɗe ta ba, Malam Metodi Arnaudov ne, ƙaramin jakadanmu a tsallake. Da ƙanƙara ta narke sai ya hau dutsen da tsohuwar motarsa. Ya zauna da shugaban 'yan sandan iyakarsu su sha kofi, ya saurari limamin coci yana kukan rufin da ke yoyo, ya je jana'izar mutanen da bai taɓa gani ba. Mutanenmu suna masa ba'a da Jakadan Wake, domin duk gidan da ya shiga sai ya sha miyar wake. Ban taɓa jin ya yi jawabi ba. Amma ƙofa tana buɗuwa.

2. Da ya yi ritaya aka naɗa Malam Deyan Parushev. Shi bai hau dutsen ba, daga ofis ya yi komai ta kwamfuta. Ya sa 20 ga Yuli, domin ranar ce cocin ƙasarmu ke bikin. Cocin Tudu kuwa tsohuwar kalanda yake bi, bikinsa 2 ga Agusta ne. Jami'an can su ma 'yan birni ne, suka sa hannu. Da aka liƙa sanarwa ranar 17 ga Yuli muka buga waya ofishinsa, sakatariyarsa ta ce takardar da ƙasashe biyu suka sa wa hannu ba a taɓa ta.

3. Ranar 20 ga Yuli aka buɗe ƙofa da tutoci da lasifika da mai ɗaukar hoto. Muka haura muka tarar da coci a kulle da kwaɗo, limami yana wani ƙauye, jama'a suna gona suna yankan ciyawa. Ƙanwar mahaifiyata, Inna Zorka, tana zaune ne wurin ɗanta a birni, ranar biki kaɗai ake kawo ta. Mun kira ɗan, yana can wata ƙasa da babbar motar da yake tuƙawa. Mahaifiyata ta zauna a dokin ƙofar coci da kwanon dafaffiyar alkamar da ake rabawa don matattu, babu mai karɓa. Malam Parushev ya yi jawabi kan sabon babin zumunci, sannan ya duƙa ya ce Kaka ta ɗan yi murmushi a ɗauke ta hoto. Ta ce masa: "Ɗan nan, ɗauki kwaɗon ƙofar can, shi kaɗai ya fito tarbarmu."

4. Ranar 2 ga Agusta muna jin ƙararrawar Tudu daga tsakar gidanmu. An kawo Inna Zorka, ƙofa kuwa a rufe. Sojojin ɓangarorin biyu suka tsayar da kowa nesa da waya, bisa umurnin da aka ba su, ban kuma ga laifinsu ba. Inna Zorka ba ta ji. Mahaifiyata ba ta gani. Waccan tana kaɗa ɗankwali, wannan tana ƙwala kiran sunanta, ni ina tsaye ina gaya wa mahaifiyata cewa ga ta can, ta saka shuɗiyar riga. Inna Zorka ta rasu ranar 3 ga Oktoba. Ba mu je jana'iza ba.

5. Na rubuta wa ofishin ranar 6 ga Agusta, na sake ranar 4 ga Satumba. Amsa ɗaya na samu, wai za a duba a zaman kwamiti na bazara mai zuwa.

Ranka ya daɗe, ban ce Malam Parushev mugu ba ne. An ce yana jin harsuna huɗu, na yarda. Amma wanda aka tura ya haɗa mutane, ya ƙi zama a gidan ko mutum ɗaya ya tambaye shi yaushe yake bikinsa, lalaci ya yi, ko da kuwa ya sa kwat. Lalacin da ya raba 'yan'uwa biyu har kabari ni zunubi nake kiransa, ba kuskuren ofis ba. Na ga hoton ranar a mujallar kwamitinku. An yanke kwaɗon daga hoton.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma abu biyu. A mayar da ranar ƙofa 2 ga Agusta, saboda sauran tsofaffin da suka rage, ba su da yawa. Sannan a buɗe ta ranar 11 ga Nuwamba, ranar arba'in ɗin Inna Zorka, ko da na awa biyu ne, mahaifiyata ta kunna kyandir a kabarin ƙanwarta. Malam Arnaudov yana nan da ransa. Shi ya san wanda ake shan kofi da shi, idan ofis bai ga faɗuwa ba ne a tambaye shi.

Ba na yaudarar kaina. Na san takarda irin wannan takan yi wata uku kafin a ɗaga ta daga tebur. Mahaifiyata ma ta sani, duk da haka ta riga ta tsince alkamarta, ta ce ranar za ta hau, da ƙofa ko babu ƙofa. Idan roƙona ya fi ƙarfin kwamitin ƙasashe biyu, to ina neman ƙarami: a gaya wa sojojinmu kada su kore ta daga jikin waya. Ba za ta daɗe ba, ƙafarta ba ta jure tsayuwa.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya. Ni ne mai biyayya,

Rangel Jotev